Mutum na Bakwai

Litinin

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikokin nan masu cinye miki fansho. Yaya ƙafar? Kina shafa maganin, ko kin ajiye shi a kan taga kuna kallon juna? Mu nan lafiya lau, Maman yara tana gaishe ki.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. A waya ba kya barina in kai ƙarshen magana. Da na ce ƙwallo sai ki ce, "Auta, har yanzu?" shi ke nan bakina ya mutu. Takarda kuwa ba ki da yadda za ki katse ta.

Kin san shekara ashirin da uku ke nan ina riƙe da jakar ƙungiyarmu. Ni ke wanke riguna, ni ke hura ƙwallaye, ni ke ɗinke raga in ta yage, har sunana ya ɓace, kowa sai Mai Jaka. Kin kuma san kamfanin sabulun da ke ɗaukar nauyinmu ya rufe. Abin da ba ki sani ba shi ne inda abin ya kai mu. Tun da albashi ya tsaya 'yan wasa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kuma ban ga laifin kowa ba. Mai tsaron gidanmu na farko yanzu baro yake turawa a kasuwa, matarsa ta haihu. Ba sa yi mana sallama, kunya suke ji. Sai dai in zo da safe in tarar da riga a ninke a kan bencin ɗakin canja kaya, an wanke ta fes, takalmi a ƙarƙashi. Yanzu in zan buɗe ƙofar ɗakin nan sai na tsaya na ja numfashi tukuna.

Sau biyu mun kasa zuwa wasan waje saboda babu kuɗin mota. Hukumar gasa ta rubuto cewa in muka sake rasa wasa ko da ɗaya ne, za a goge sunanmu. Filin da muke ciki kuma aro ne, namu ne muddin muna cikin gasa. Tuni wasu masu manyan motoci suka fara zuwa suna auna shi da ido, an ce shaguna za a yi. Ran nan ɗaya ya tambaye ni ko ruwa yana kwanciya a wajen raga ta gabas. Na ce masa sosai ma, har kwaɗi muke kiwo.

Dokar wasa ita ce ba a farawa da ƙasa da mutum bakwai. In ana cikin yi aka koma shida, alƙali zai tashi wasan, a rubuta kamar ba mu zo ba. Ba kuma a ƙara sabon suna sai kaka mai zuwa, an rufe rajista. Wasa huɗu suka rage mana. Sakatarenmu ya ce akwai wani mai gidajen mai da ya yi alkawarin ɗaukar nauyinmu in muka kai ƙarshen kaka da sunanmu a jerin. Ba a ce mu ci kowa ba, Yaya. Mu fito kawai a ƙirga mu.

Yau da safe mu takwas ne. Ina jin tsoro, ban kuma san wa zan gaya wa ba, domin a nan ni ne mai ba da dariya. Ki sa mu a addu'a, ko da kina tsaki.

Ki gaida mutan gida duka.

Ƙaninki,
Auta

Alhamis

Zuwa ga Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fata wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba, kuma ki ajiye duk abin da ke hannunki in mai fashewa ne.

Jiya na tarar da riguna biyu a kan benci. Mun koma shida, wasa kuma jibi ne a gida.

Koci ya zauna a kan akwatin ƙanƙara ya yi tagumi. Can sai Sakatare ya zaro takardar rajista yana bin sunaye da yatsa, wai ko akwai wanda za a je a roƙa ya dawo. Ya kai ƙasa ya tsaya. Ya ɗago ya kalle ni, ya sake kallon takarda. Wallahi tun kafin ya buɗe baki na tuna.

A farkon kaka hukuma ta ce sai an kawo suna goma sha takwas, mu kuwa goma sha bakwai gare mu, ranar kuma ita ce ta ƙarshe. Sakatare ya tsayar da ni a jikin bango ya ɗauke ni hoto, ya cike layin ƙarshe da sunana. Ranar an sha dariya har da masu faɗuwa ƙasa. Kyaftin ɗinmu, wanda muke kira Katanga, ya yi mako guda yana sara mini yana cewa sabon ɗauka. Takardar shaidar lafiya ma a dunƙule aka cike ta tare da ta kowa, babu wanda ya ɗora mini abin awo a ƙirji. Na manta da zancen sam. Ashe a idon hukuma ni ɗan wasa ne, mai lamba goma sha takwas, ɗan shekara arba'in da bakwai.

Koci ya kama hannuna biyu ya ce, "Mai Jaka, ba gudu za ka yi ba. Tsayuwa kawai. Ka tsaya can gaba kusa da layi kamar mai jiran mota, minti casa'in, mu za mu ji da sauran." Samarin nan shida suka zuba mini ido. Katanga, wanda ban taɓa ganin ya roƙi kowa komai ba, ya ce, "Baba, don Allah."

Na ce to.

Na san abin da kike faɗa yanzu. Ke kika kai ni wajen likita shekara biyu da suka wuce, a gabanki ya ce zuciyata ba ta son gudu, ba ta son rana, ba ta son tashin hankali, ko jakar nan ma in daina ɗauka. Babu wanda ya san wannan a ƙungiya. Na ɓoye don kada su tausaya mini su sallame ni. Na buɗe baki zan faɗa musu jiya, sai na ga in na faɗa Koci ba zai sa ni ba, mutumin kirki ne, in bai sa ni ba kuma shi ke nan an gama.

Tun jiya Babanmu nake tunawa. Ke kin fi ni sani, ke ce a wurin. Shekararsa arba'in da tara, lafiya lau ya sauke buhu daga kan keke, ya ce bari ya ɗan zauna, bai sake tashi ba. Ni abin da na riƙe shi ne takalminsa ɗaya da ya cire, bai kai ga cire ɗayan ba. Shekara biyu ce tsakanina da shi yanzu.

Ban gaya wa Maman yara ba. Ta ga ina gwada gajeren wando ta ce ko tsufa ne ya zo mini da hauka, na yi dariya na ce awo nake yi wa wani. Kada ki kira ta. Kafin takardar nan ta iso hannunki an riga an yi wasan, da gangan na yi haka, ki yafe mini. Ina so dai a ce akwai mutum ɗaya a duniya da ya san da me na shiga filin.

Ki yi mini addu'a irin wadda kike yi mini ina ƙarami.

Naki,
Auta

Talata

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa da neman gafara. Ina fata kina lafiya. Ina raye, ga rubutuna shaida. Na ga kiranki goma sha ɗaya, ban ɗauka ba don ban shirya jin muryarki ba.

Bari in ba ki labarin yadda aka yi. Rigar da na yi shekaru ina wankewa ta ƙi shigata, sai da Katanga ya ja ta baya, tumbi ya fito kamar an ɓoye ƙwallo a ciki. Muna fitowa magoya bayan baƙi suka fashe da dariya. Wani yana ihu, "Baba, ka zo ɗaukar jikanka ne?" Alƙali ya duba katin ya dube ni sau uku, ya ƙirga mu da yatsa, bakwai, ya hura usur. Ban taɓa sanin filin nan yana da girma haka ba, ni da nake zagaya shi kullum.

Na yi yadda aka ce. Na tsaya kusa da layi, rana tana dukan ƙeyata, ina jin bugun zuciyata a kunne ina ƙirgawa. Kafin hutun rabin lokaci an zura mana biyar. Babu wanda ya damu. Duk wanda ya faɗi a cikinmu, kafin ya gama faɗuwa ya miƙe, don kada a ce a fitar da shi.

Kuskuren nawa ne, ba na kowa ba. Bayan an dawo da kamar minti ashirin, Katanga ya doka ƙwallo don ya rabu da ita, ta tsallake kowa ta faɗo gabana. Babu kowa tsakanina da mai tsaron gidansu, duk sun tafi cin ganima. Yaya, shekara ashirin da uku ina zaune a bakin layi ina cewa da ni ne da na yi kaza. Ƙafafuna ba su yi shawara da ni ba. Na ji mutanenmu sun tashi tsaye suna kiran Mai Jaka, Mai Jaka, sai na ga ina gudu.

Ban fi taku ashirin ba. Wani abu ya damƙe mini ƙirji kamar an ɗaure ni da waya ana murɗawa, filin ya yi fari. Na durƙusa a kan gwiwa ɗaya. Abin da ya fara zuwa raina ba ƙungiya ba ce, ba fili ba ne. Cewa na yi yau zan mutu da gajeren wando a gaban mutane.

Alƙali ya taho da gudu ya ce, "Baba, a kira masu magani?" In suka shigo sai an fitar da ni, mun koma shida. Na kama igiyar takalmina na ce, "Igiya ce ta kwance." Yatsuna sun ƙi ɗaurewa. Sai wani ƙaton mai tsaron bayansu, wanda ban san ko sunansa ba, ya zo ya tsaya tsakanina da alƙali ya tare mini rana. Ya sunkuyo kamar zai taya ni, ya ce a hankali, "Ka numfasa, Baba, na rufe ka." Shi ya ɗaure igiyar, shi ya ɗaga ni. Daga nan har aka tashi bai bar gefena ba, wai yana tsarona, alhali kafaɗarsa na jingina da ita. Ban san me ya faɗa wa 'yan'uwansa ba, amma sun koma can ɗaya gefen suna ta ba juna ƙwallo.

Takwas da nema aka tashi. Da kin ga murna sai ki rantse kofi muka ci. Suka ɗaga ni sama suna zagaya fili da ni, ni kuwa ina ta roƙon Allah su sauke ni kafin in amayar musu a ka. Sakatare yana kuka. Koci ya rungume ni ya ce, "Saura uku, Mai Jaka. Haka za ka yi, amma ban da gudu."

To ga abin da ya sa na rubuto. Ciwon bai tafi ba. Ya sauka hannuna na hagu, yana taɓa haɓata, ko matakalar gidanmu sai na huta sau biyu. Na ce wa Maman yara ciwon jiki ne na wanda bai saba ba, tana ta yi mini tsiya tana gasa mini baya.

A kan bencin asibiti na fara rubuta takardar nan da safe. Na karɓi kati, lamba talatin da ɗaya. Ina zaune ina lissafin abin da zai faru: likita zai aza mini abin nan a ƙirji, zai kwantar da ni, labari zai kai wa Koci kafin azahar, ran Asabar su fito su shida. Da aka kira ashirin da tara na ce wa na bayana ya wuce. Da aka kira tawa na yi kamar ban ji ba. Aka sake kira, na miƙa wa wata tsohuwa katin na fito. A shagon mai gyaran takalma da ke kallon ƙofar asibitin nake ƙarasa rubutun.

Yaya, ba na son in mutu. Na faɗa miki ƙarara, ba jarumta nake yi ba, tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba. Amma na san kaina. Ran Asabar samarin nan za su dube ni, zan sa rigar. Koci bai sani ba, Maman yara ba ta sani ba, ni kuma na gwada yau na ga ba zan iya hana kaina ba. Ke kaɗai ce in kika ce zauna nake zama, tun ina yaro har yau.

Direban da zan ba takardar nan ya ce za ta iso hannunki ran Alhamis. Ki shigo motar Juma'a. Kada ki kira, a waya zan yi miki ƙarya in ce na warke. Ki zo da kanki ki kama hannuna ki shigar da ni ɗakin likitan nan, duk abin da na ce miki a hanya kada ki saurara. Ƙungiya za ta mutu a dalilina, zan kuma daɗe ina jin haushinki. Ki zo duk da haka.

Ki gaida maigidan da yara.

Ƙaninki mai jiranki,
Auta