Na Sabunta Na'urar Coci, Muryar Matata Ta Dawo

Mama Catherine, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, domin saura mako uku abin ya kai inda ba zan iya gyara shi ba. Na san filinki na maganar aure ne da rikicin dangi, amma tawa matsalar ta na'ura ce. Aƙalla da na'ura ta fara.

Ni malamin kimiyya ne da ya yi ritaya bayan shekara talatin da ɗaya a sakandare. Yanzu ina noman citta a ƙasar Jaba, kuma ni nake kula da sauti a cocinmu. Mutane suna kirana Injiniya, ban taɓa hana su ba. Shekara huɗu da suka wuce na gaji da wayoyin da ke warwatse a gaban bagadi suna harɗe ƙafar masu ɗaukar baiko, sai na haɗa wata ƙaramar kwamfuta, allo ɗaya ne tsirara wanda bai fi tafin hannu ba. Na sa ta cikin robar abinci, na huda mata ramukan shan iska. Ita take karɓar sauti daga makirufo uku ta bulutut, ta aika wa lasifika, babu waya ko ɗaya. Ranar da muka fara aiki da ita dattawa sun yi layi suna leƙa robar.

Matata, bari in kira ta Milka, ita ce mai ba da waƙa a Zumuntar Mata. Ba zan yi ƙarya ba, tana da murya. In ta ɗaga waƙa masu buga tulu ba sa jin gajiya. Ana gayyatarta biki da jana'iza har garuruwan Gidan Waya da Kafanchan. Matsalar ita ce muryar tana danne ta sauran mata, kuma ni da na san ilimin sauti abin yana damuna. Akwai kuma wata rana a tashar mota a Kafanchan, wani magidanci ya gaishe ni da fara'a, ya tambaye ni ko ni ne mijin Milka mai waƙa. Mama, wannan mutumin ni na koyar da shi shekara uku, har bulala na sha yi masa. Bai tuna ni ba, matata ya tuna. Na faɗi wannan ne don ki gane yanayin kawai, ba wai shi ne dalili ba.

A cikin na'urar kowane makirufo yana da ƙarfinsa, daga sifili zuwa ɗari. Na naɗa wa ɗaya jan zare na ce nata ne, na kafa doka kada kowa ya yi musaya saboda tsafta. Lokacin ba a daɗe da fita daga korona ba, kowa ya yaba da hankalina. Sai na rage nata zuwa saba'in, nufina daidaitawa kawai. Bayan wata biyu na mai da shi hamsin. Ban san yadda aka yi ya kai talatin ba. To, na sani.

Ta lura tun a makon farko. Ta ce min ba ta jin kanta a lasifika. Na ce mata shekaru ne, har na ɗauki biro na zana mata hoton maƙogwaro na nuna mata yadda jijiyoyi ke saki. Da ta ce ai a gida tana jin muryarta lafiya lau, na ce ɗaki ƙarami ne, coci babba. Sai ta dinga yin waƙa da ƙarfin tsiya don a ji ta, har muryar ta dushe da gaske. Ta daina shan ruwan sanyi. Cittar da nake nomawa rabin wadda muke ajiyewa a gida a maƙogwaronta ta ƙare, da zuma. Sau biyu na kai ta asibiti a Kafanchan a kan babur ɗina, likita ya ce bai ga komai ba. Matan Zumunta sun yi mata azumi. Daga baya ta bar wa wata mai suna Beatrice ba da waƙa, ta koma layi na biyu, amma matan suka ƙi karɓar makirufon mai jan zare daga hannun Milka saboda girmamawa. Gayyata ta daina zuwa. Haka muka yi shekara uku, kuma gida ya yi shiru.

Watan jiya na'urar ta fara tsiya. Sauti yana yankewa, kuma Rabaran zai rufe baki kafin amin ɗinsa ta fito daga lasifika, har matasa suna dariya a baya. Ranar Asabar na sayi data, na zauna a ɗakin ajiyar kaya na sauko da sabuwar manhajar sauti. Ban kwafi katin ajiyar na'urar, inda duk saitinta yake, ba kafin in fara, don ban ga abin da zai gagare ni ba. Da na gama na yi tari a makirufon Rabaran, na ji ya fita garau, na kulle na tafi gona. Abin da ban sani ba shi ne sabuwar manhajar ba ta karanta saitin tsohuwar. Komai ya koma ɗari.

Washegari ita ce Lahadin rufe Makon Zumunta, coci cike har waje. Beatrice ta tashi da mura, ta roƙi Milka ta gwada baiti ɗaya kawai. Mama, da ta buɗe baki sai da gilashin taga ya amsa. Ita kanta ta tsorata ta tsaya, sannan ta ci gaba. Mata suka fasa guɗa, masu tulu suka miƙe tsaye, tsofaffi suna kuka. Ta durƙusa a wurin tana cewa, "Ubangiji ya tuna da ni." Ni ina zaune kusa da robata, zufa ta jiƙa min riga.

Lahadin da ta biyo ta ba da shaida. Yanzu an sa ranar godiya, saura mako uku. Kin san yadda muke yi, iyali su shigo da rawa daga ƙofa har gaban bagadi, miji a gaba. An riga an yanka anko, an ɗaure akuya, za a ɗauko surukata daga Madakiya, tsohuwar da ta shekara biyu ba ta hau mota ba. Rabaran ya ce zan yi magana ta minti biyar a matsayin mijin da ya tsaya wa matarsa a lokacin gwaji. Gayyata ta fara dawowa, an riga an kira ta biki biyu.

Tambayata biyu ce. Na ɗaya, a cikin masu karanta filinki ko akwai wanda ya san inda ake rage ƙarfin makirufo ɗaya a sabuwar manhajar? Na duba ban gani ba, sun canza komai. Ba talatin nake nufi ba, biyar-biyar kowace Lahadi, yadda ba wanda zai lura. Na biyu, zunubi ne in yi shiru? Ai ba ni na ce mu'ujiza ce ba, kuma bangaskiyar mutane da yawa ta ƙaru. Ina ƙaunar matata ƙwarai, ban taɓa ɗaga mata hannu ba.

Naki cikin damuwa,
Mai kula da sauti, ƙasar Jaba


Malam, ina yi maka sannu da zufa.

Na karanta wasiƙarka sau biyu. Karatun farko na yi dariya har maƙwabciyata ta leƙo. Karatu na biyu ban yi ba, don na tsaya a kan matar da ke bayan babur, ana kai ta wurin likita, ta riƙe cutarta ta ƙugu don kada ta faɗi.

Bari mu fara da na'ura, tunda ka ce ita ce matsalar. Na tambayi wata ƙanwata da ke gyaran irin waɗannan abubuwa. Ta ce mutum ya kwafi katin ajiya kafin ya taɓa komai, ya rubuta saitinsa a takarda, ya gwada kowane makirufo bayan ya gama, kuma kada ya yi irin wannan aiki ranar Asabar alhali gobe sujada. Ka faɗi duka huɗun, Injiniya. Ta kuma nuna min inda ake ragewa a sabuwar manhajar. Wuri ne mai sauƙi, kuma ba zan gaya maka ba. Duk mai karatun da ya aiko da amsar ya sani kwandon shara za ta shiga. Na'urarka lafiyarta ƙalau, watan jiya ne ma ta fara faɗin gaskiya.

Zan ba ka naka haƙƙin. Mai yiwuwa ne muryar Milka tana danne ta sauran, masu baiwa sukan yi haka ba su sani ba. Maganinsa a ce mata a wurin gwajin waƙa, a rage kaɗan a gabanta, ta ji da kunnenta ta yarda. Aikin minti biyu ne. Na kuma gane zafin abin da ya faru a tasha. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa da alli a hannu, a wayi gari ana gane shi da sunan wani, akwai ciwo. Amma kada ka gaya min ba shi ne dalili ba. Mai neman daidaita sauti yana tsayawa a tamanin. Wanda ya kai talatin, ya zana maƙogwaro a takarda, ya zauna yana kallon mata suna azumi, ba sauti yake daidaitawa ba. Kishin matarka kake yi, kuma har yau ba ka daina ba, tunda biki biyu kacal sun sa ka rubuto kana neman biyar-biyar.

Ka ce ba ka taɓa ɗaga mata hannu ba. Madalla, za mu aiko maka da takardar yabo. Yatsa ɗaya ya ishe ka.

Maganar shaida kuwa, Milka ba ta yi ƙarya ba. An ɗauke mata murya, an dawo mata da ita, ta gode wa Wanda ta saba gode wa. Abin da ba ta sani ba shi ne wanda ya ɗauka. Ƙaryar za ta fara ne lokacin da ka miƙe a gaban ikilisiya, cikin anko, ka yi minti biyar kana koya wa maza yadda ake tsaya wa mace. Wannan kada ka yi shi, ko me zai faru.

Ga abin da za ka yi. Ka gaya mata a cikin makon nan, a gida, ku biyu. Kada ka gayyato Rabaran ya zauna a tsakani don ta ji nauyin yin fushi. Kada kuma ka miƙe a coci ka yi tuban ban mamaki da hawaye, don na lura kana son a kalle ka, kuma ranar ba taka ba ce. Ka faɗa mata lambobin yadda ka faɗa min, saba'in, hamsin, talatin. Ka faɗa mata maganar tasha. Kada kalmar daidaitawa ta fito daga bakinka. Sannan ka yi shiru ka saurara, komai tsawonsa. Ko za a yi godiyar, ko za a ɗaga, ko za a gaya wa mahaifiyarta, ko za ka shiga sahun rawa, duk ita za ta yanke. Bayan haka ka miƙa kula da sauti ga mutum biyu, ɗaya daga Zumuntar Mata, ka koya musu komai, ka cire dokar tsaftar nan taka.

Ba zan yi maka alkawarin za ta yafe da wuri ba. Shekara uku ta yi tana zaton jikinta ne ya ci amanarta, tana tambayar Allah laifin da ta yi. Wataƙila ta yi wata ba ta yi maka magana ba. Wataƙila ta je Madakiya ta huta. Ka ɗauka, kai ka jawo.

Abu na ƙarshe, kuma ka buɗe kunne. Ka canza sunanta, ka ɓoye naka, ka ji kamar ka yi dabara. Malam, coci nawa ne a ƙasar Jaba ke da kwamfuta a cikin robar abinci? Na so in riƙe wasiƙar nan, amma kai ka roƙi a sa ta gaban masu karatu su taimake ka, ga ta na sa. Matan Zumunta suna karanta filin nan, suna kuma tura wa juna a waya. Milka za ta ji labarin nan cikin kwanakin nan, abin da ya rage a hannunka kawai shi ne daga bakin wa za ta fara ji. Ajiye jaridar ka je ka same ta.

Allah ya ba ka ƙarfin hali, ya tsare gidanku. Ita kuma ya ƙara mata haƙuri, don ta riga ta kashe mai yawa a kanka ba ta sani ba.

Mama Catherine