Curin Ƙasa da Ƙwallon Kurket

Setapak, Kuala Lumpur
1 ga Yuli

Zuwa ga Kawu Shafi'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna Bintu da duk mutanen gida. Takardar digirina ta fito, alhamdu lillahi. Ranar 28 zan taso.

Wata damuwa ce ta sa na rubuto. Ka san ina buga kurket da wata ƙaramar ƙungiya a Cheras. Wurin tsayuwata ana ce masa silif. Ina duƙawa bayan mai bugu, kamar taku goma sha biyu, in ƙwallo ta gogi gefen sandarsa ta fallo, ni zan cafe kafin ta taɓa ƙasa. Ƙwallon fata ce mai tauri, giram ɗari da sittin, kuma ba ta cika daƙiƙa guda take isowa. A wasa huɗu sau bakwai ta zo mini, biyar sun suɓuce. Kyaftin ɗinmu, Selvam, ya kai ni mamak, wato shagon mai shayi na nan, ya saya mini shayi, ya ce zai gwada ni ranar 13. In na gaza, wani zai tsaya a wasan ƙarshe ranar 20, ni ina benci. Shekara uku nake jiran wannan wasa.

Na fara ganin gaskiyarka da ka kore ni daga wurin gini ina ɗan shekara goma sha uku. Hannuna dama ba na cafiya ba ne.

Ɗanka,
Sharfaddeen

Tudun Jukun, Zariya
4 ga Yuli

Injiniya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Innarka ta yi guɗa har maƙwabta suka shigo.

Wasanku ban san shi ba. Amma shekara arba'in ina kan katanga lebura na wurgo mini curin ƙasa. Wanda ya kai wa curi cafka, da shi zai wanke fuska. Ba a tarbarsa. Jira ake ya iso, hannu ya bi shi baya kamar ana karɓar jariri. Kada ka miƙe kafin ya taso, gwiwa a sake, yatsu a sake. Kuma na san halinka, kana can kana ƙirga waɗanda suka faɗi. Magini ba ya leƙen ƙasa, na gaba yake kallo.

Batun kora kuwa, ashe abin da ka riƙe ke nan duk shekarun nan? Kai sakarai ne. Kwana tara ka yi a kan katangar gidan Alhaji Hussaini, curi ko ɗaya bai faɗi ba. Leburori suka fara kiranka ƙaramin magini, na ga kana jin daɗi, ka fara cewa makaranta ta dame ka. Shi ya sa na kore ka. Da ka zubar, da na bar ka.

Allah ya ba da sa'a.
Kawunka

Setapak
14 ga Yuli

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara. Sau shida na karanta wasiƙarka. Ban san da wane baki zan gode maka ba, shekara goma sha ɗaya ina ɗauke da abin da ba haka yake ba.

Na samo jar ƙasa bokiti guda a bayan gidanmu. Maigadi ya tambaye ni ko shuka zan yi, da na yi masa bayani ya daɗe yana kallona kafin ya ce boleh, wato ba laifi. Meshach, abokin ɗakina ɗan Jos, shi ne lebura. Kullum da safe curi hamsin. Ranar farko goma sha takwas suka fashe mini a ƙirji, Meshach ya ce, "Oga injiniya, gini kake ko wanka?" Rana ta bakwai biyu kawai. Daga nan muka koma ƙwallo, yana goga ta a gefen sanda. Ƙirgar ban iya dainawa ba, amma sai an tashi nake yi.

Jiya sau uku ta zo, na riƙe biyu. Ta ukun na miƙe da wuri, laifina ne. Sunayen waɗanda za su buga wasan ƙarshe sai ranar Asabar Selvam zai faɗa. Abinci ba ya shiga sosai. A taya ni da addu'a.

Ɗanka,
Sharfaddeen

Setapak
20 ga Yuli

Kawu,

Gaisuwa da ban girma. Ni na tsaya.

Sau ɗaya tak ta zo, ƙasa-ƙasa ta hannun hagu, daga sandar gwaninsu. Ban san lokacin da ta taso ba, na dai gan ta kwance a tafina. Mun ci wasan.

Selvam ya tambaye ni wane koci ne ya gyara mini hannu cikin mako uku, kuma wace ƙungiya yake horarwa. Ya miƙo mini biro. Na rubuta masa: Shafi'u Magini, Tudun Jukun, Zariya.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. A gaida Inna.

Ɗanka mai godiya,
Sharfaddeen