Mun Sayar da 'Yar Lele

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka irin gaisuwar da na saba yi maka da safe, a durƙushe, kaina a ƙasa. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Da za ka karanta ma da ban rubuta ba, don ka san ni, ko ruwa zan miƙo maka ba na iya haɗa ido da kai.

Muna nan lafiya. Umma ta fita takaba, amma har yanzu ba ta zama a kujerarka. Ƙanwata Amira ta yi giɓi, tana ta nuna wa kowa a lifta. Na gama jarrabawa, kuma lissafin da nake tsoro bai ba ni wahala sosai ba. Bizar da aka ƙara mana bayan rasuwarka ta kusa ƙarewa, saboda haka falonmu na unguwar Al Nahda, a nan ƙasar Larabawa, ya cika da kwalaye, 'yan kago masu jigilar kaya za su zo su kwashe. Ƙarshen wata za mu koma Kano.

Baba, mun sayar da motarka.

Umma ta ce ita ko hotonta ba za ta iya kallo ba, su Kawu kuma suka ce ta waya a sayar kawai, ba za a saka motar da ba ta tashi a kwantena ba. Sai aikin ya faɗo kaina. Ni na je Al Warsan, lungun nan na sito da kake haya, na yaye mata tampol na ɗauki hotuna. Tana nan yadda ka bar ta. Gefe ɗaya ka goge tsatsa ka shafa farin fenti, ɗaya gefen ba ka kai ba. Injin na kan benci a lulluɓe da tsohuwar jallabiyarka. Ni na rubuta tallan da Turanci: tsohuwar mota ƙirar Faransa, an fara gyara ba a gama ba. Ina rubutawa ina jin daɗi. Wallahi ina jin daɗi, Baba, kuma dalilin da ya sa na zauna rubuta maka ke nan.

Ban taɓa son motar nan ba. Tun ranar da ka tsinto ta a wurin 'yan gwangwan na Sharja, ka dawo gida kana dariya kana cewa irinta Kaka ya yi haya da ita tsakanin Kano da Katsina, na tsane ta. Ka sa mata suna 'Yar Lele. Kowace Juma'a, da an sauko daga masallaci, sai ka sauya kaya ka tafi wurinta. In baƙi sun zo ka fito da waya ka nuna musu ita, ta gaba, ta baya, ta ciki. Kana shafa hoton da babban yatsa.

Ni fa? Ni ce “ke”. Ni ce “yarinyar nan”. In kana nemana sai ka ce wa Amira ta kira yayarta. Umma ta sha yi mini bayani cewa alkunya ce, ni 'yar fari ce, a gidanku ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yabonsa, ba a wasa da shi a gaban mutane. Ta ce haka Kaka ya yi maka. Na gane, ban ce al'ada ba ta da kyau ba. Amma a Kano ɗan fari yana da kakanni da gwaggonni da ke yi masa abin da uba ba ya yi. A nan wa nake da shi? A ƙofar makaranta ina ganin uban wata ƙawata Balarabiya yana sumbatar goshinta yana ce mata habibti, wato abar ƙaunata, ni kuma ka tsaya daga nesa ka ɗaga mini makulli. Ashe bakinka ya iya faɗin “'yar lele”. Ashe ya iya lallashi. Me ya sa sai ga ƙarfe?

Sau ɗaya ka tafi da ni, ka tuna? Ranar da za ka fitar da iska daga birki, aikin da mutum ɗaya ba ya iya yi. Abokinka bai zo ba, ƙafar Amira kuma ba ta kai. Ka zaunar da ni a kujerar direba, ka kwanta a ƙarƙashin motar da sifana. Kana cewa in taka, in riƙe, in saki, ina yi. Zafi kamar zai kashe ni, mayafina ya jiƙe, ƙafata ta ƙage, amma ban so a gama ba. Ba ka ganin fuskata, ba na ganin taka, sai kunyar ta ragu. Daga can ƙasa ka tambaye ni wane darasi na fi so. Na ce labarin ƙasa. Ka ce kai ma haka. Ban taɓa yin hira da kai mai tsawon wannan ba. Da muka gama ka fito kana goge hannu, ka bubbuga bonet ɗinta, ka yi ta yabonta wai ta fara jin magana. Ni kuwa shayi kawai ka saya mini a hanya.

Mutum biyu suka nuna da gaske suke. Na farko ɗan gwangwan ne, ya ce zai ɓalle ta ya sayar da kayan ɗaiɗai. Na biyu wani dattijo ne daga garin Hatta, mai gonar dabino, ya ce so yake ya ƙarasa ta. Tayinsu kusan ɗaya, sai Umma ta ce in zaɓa, khalas, shi ke nan, kada in sake yi mata maganar.

Baba, ɗan gwangwan na so. Na yi ta hango ta a yayyanke, ƙofa nan, fitila can, babu mai sake kiranta da wani suna. Har na ɗauki waya zan kira shi. Amma da na koma sito ɗauko takardunta, na shiga na zauna, na taka birkin. Yana nan da tauri, yadda muka bar shi. A duk jikin motar nan abu ɗaya ne aka gama, kuma ni da kai muka yi shi. Sai na kasa. Kada ka ɗauka tausayinta na ji. Birkina na ji wa.

Ranar Asabar dattijon ya zo da janwen da zai ja motar. Ya zo da 'yarsa, ba za ta girme ni ba. Tun daga bakin ƙofa yake kiran sunanta, Maryam zo ki ga wannan, Maryam taɓa nan. Ya ɗora hannunta a kan sitiyari, ya ɗora nasa a kai. Ya gaya wa Umma, wadda ta zo sa hannu a takardu ta tsaya daga waje, cewa su biyu za su yi aikin, duk ranar hutu, shwaiya shwaiya, a hankali a hankali, har ta tashi. Umma ta yi murmushi ta ce madalla. Ni a da motar kaɗai nake kishi da ita, yanzu sun zama biyu.

Ka san ƙofar direba ba ta rufuwa sai an ɗan ɗaga ta. Yarinyar ta yi ta bugawa ƙofar tana dawowa. Ina tsaye a gefenta, na san sirrin, na yi shiru. Tana da uban da zai nuna mata. Shi ya zo ya gano, suka yi dariya tare. Da za su tafi ta rungume ni ta ce in zo Hatta in ga motar in an gama. Na ce inshallah. Yarinyar kirki ce, Baba, ba ta yi mini komai ba.

Da ka yi tsawon rai, da ka gama ta, wa za ka fara ɗauka? Da ranar aurena za ka kira sunana, ko sau ɗaya, ko a hankali? Umma ta ce a bayan idona kana faɗa wa abokanka makin da nake ci a makaranta. Na yarda. Amma da kunnena na so in ji.

Jiya mun je maƙabarta sallama. Daga bakin katanga muka tsaya muka yi maka addu'a. A hanyar dawowa ne abin ya faɗo mini, har sai da na juya fuska ga gilashin tasi don kada Umma ta gani. Mu an ce mu tafi, takardunmu sun ƙare. Motar kuwa ba mai tambayarta biza. Za a yi mata fenti, za ta tashi, za ta riƙa hawa titin duwatsu da yamma, a ƙasa ɗaya da kai. Ni zan kasance a Kano. Wannan ma ita ta samu.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya haskaka makwancinka, Ya yafe mini wannan zuciya tawa. Sai mun zo.

'Yarka ta fari,
Hafsatu