Taubashina Ya Mayar da I'inata Abin Dariya, Asirinsa Kuma Yana Hannuna

Assalamu alaikum Inna Rekiya. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin Juma'a mai zuwa. Na riga na yanke abin da zan aikata, kuma daɗin da nake ji duk lokacin da na tuna shi ya fara ba ni tsoro.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a nan Ƙaura Namoda, shekaruna ashirin da takwas. Ina da i'ina tun ina ƙarami. A aji na samo wa kaina dabara: in yi magana a hankali, inda na ji harshe zai riƙe sai in juya in rubuta a allo. A haka nake koyarwa, kuma babu ɗalibin da ya taɓa raina ni.

Ina da taubashi a Shinkafi, ɗan goggona, sunansa Armiya'u. Mahaifinsa limami ne a unguwarsu. Bayan rasuwar mahaifina a gidansu na zauna shekara uku, tabarma ɗaya muke kwana. Tun da hanyar Shinkafi ta lalace, ta zama sai da rakiya da addu'a, muka rage ganin juna. Shi ne ya jawo ni cikin wani wasan yaƙi na waya don mu riƙa haɗuwa ko ta nan ne. Mutum huɗu ke yin ƙungiya, a jefa ku fili ɗaya da wasu ƙungiyoyin, ku yi ta fafatawa har a bar guda. Kowa da iyafis a kunne, kuna jin juna kamar kuna ɗaki ɗaya. Armiya'u ne kyaftin ɗinmu, sai Imrana da Jabiru, abokansa na can Shinkafi, sai ni. Aikina tsaron baya: in hau wuri mai tudu da bindigar nesa in kula da duk abin da ke tahowa. Ba sai na yi magana ba, akwai inda zan danna alama ta fito musu a taswira. Inna, ban san yadda zan fahimtar da ke ba, amma a nan ne na fara samun wurin da ake nemana ba tare da an jira bakina ba. Shekara huɗu muna tare, Asabar da Lahadi bayan La'asar.

Bayan babbar Sallah matasa suka shirya gasa tsakanin ƙungiyoyin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi. Muka kai wasan ƙarshe da wata ƙungiyar Zurmi mai suna 'Yan Dutsi. Ina zaune a bayan ofishin malamai, inda sabis ya fi ƙarfi, sai na hango mutum biyu sun zagayo ta bayan su Armiya'u. Ba zan ɓoye miki ba, da na danna alamar nan da mun ci. Amma raina ya so in faɗa da bakina, sau ɗaya dai a ji ni ne na ceci ƙungiya. Na buɗe baki zan ce “bayanku”, harshe ya riƙe. Ba-ba-ba-ba, har kusan daƙiƙa shida. Ina kallo aka zubar da su ukun, sannan aka hauro aka gama da ni.

Ranar Armiya'u bai ce mini komai ba. Ashe yana naɗar wasan da sautinsa. Washegari ya yanko daƙiƙa shidan nan, ya ɗora musu kiɗa, ya manna hoton tunkiya, ya sa a sitatus, sannan ya tura guruf ɗin gasar mai mutum sama da ɗari biyu. Kafin Litinin abin ya iso makarantarmu. Na juya zan rubuta a allo sai na ji daga bencin baya an fara ba-ba-ba, aji duka ya ɗauka da dariya. Na tsaya da alli a hannu, kalma ɗaya ta ƙi fitowa. Na ajiye allin na fita. Tun ranar i'inar ta dawo sabuwa, ko gaida mahaifiyata da safe sai na yi ta fama.

Na kira shi. Kafin in haɗa magana ya yi dariya ya ce, “Haba taubashi, wasa na fa. Mi ya yi zahi?” Na kashe wayar. Bayan kwana biyu na ga ya sa wani a gurbina, ko sallama babu. Imrana ya kira ni ya ce shi bai ji daɗi ba, ya ce wa Armiya'u ya cire bidiyon ya ƙi. Jabiru kuwa har yau shiru.

Sai na buɗe sabon akawun da wani suna, na nemi shiga 'Yan Dutsi, don su ne ke yawan karawa da su Armiya'u. Na ce wa kyaftin ɗinsu, Hamisu, makirfon wayata ya lalace. Ya gwada ni, ya ga hannuna, ya karɓe ni. Ba su san ko ni wane ne ba. Ni kuwa na san Armiya'u ciki da waje: inda yake son sauka, gidan da yake fakewa, da yadda yake gudu hagu idan ya tsorata. Sau goma sha ɗaya na kayar da shi, ina ƙirgawa. Ba na gamawa da shi nan take. Ina barinsa ya yi ta rarrafe yana neman ɗauki, in tsaya a kansa, sannan in harbe. Asabar da ta wuce na bar wurin da aka ajiye ni na bi shi har ƙarshen fili, aka zagayo aka kashe su Hamisu su uku. Hamisu ya rubuto mini, “Malam, mu kake wa wasa ko kanka?” Gaskiya a lokacin ko a jikina.

Amma zuciyata ba ta huce ba, don a wasa yana faɗuwa ya tashi, ni kuwa kullum sai na shiga ajin nan.

Abu biyu ke hannuna. Na farko, da imel ɗina aka buɗe masa akawun, lambar sirrinsa tana wurina. Cikin minti ɗaya zan iya shafe duk matsayin da ya tara a shekara huɗu. Na biyu shi ne babba. Wata rana a bara an cinye mu, ya yi minti biyu yana zunduma ashariya, har iyayen abokan karawarmu bai bari ba, kuma ina da sautin. Ranar Juma'a mahaifinsa zai gabatar da shi a matsayin na'ibinsa a masallaci, dangi za su taru. Niyyata ana saukowa in tura sautin a guruf ɗin dangi, da hotonsa da rawani. Ina so ya buɗe baki a gaban mutane ya ji magana ta ƙi fitowa, ya ɗanɗana.

Abu ɗaya ke riƙe mini hannu. Goggo tana cikin guruf ɗin. Ita ce ke fitowa da tsintsiya ta kori yaran unguwa idan suna kwaikwayona. Amma kuma sai in ce, ɗanta fa ya fi su duka. Inna, idan na tura na yi zalunci ne, ko ramuwa ce kawai?

Mai Tsaron Baya, Ƙaura Namoda

*

Wa alaikumus salam, ɗana.

Bari in fara da abin da kake bukatar ji daga bakin wani: an zalunce ka. Abin da Armiya'u ya yi ba wasan taubasai ba ne. Wasan taubasai ido da ido ake yinsa, a kan abin da ɗayan zai iya ramawa su yi dariya tare. Ba a yinsa da halittar da Allah Ya yi wa mutum, ba a kuma kai shi gaban baƙi ɗari biyu. Kuskurenka na ƙin danna alama gaskiya ne, kuma na yaba da ka faɗe shi da kanka. Amma iyakar hukuncinsa faɗa tsakaninku ku huɗu, a wuce wurin.

Sai dai ka lura da wani abu a wasiƙarka. Kiran da ka yi masa jimla ɗaya ya ɗauka ka kashe waya. Ya san abin da ya faru a ajinka? Ya san gaisuwar safe ta koma yi maka wuya? Ina zaton bai sani ba. Mai yiwuwa har yanzu yana ganin zafin rashin kofi ne ya sa ya yi tsokana, kai kuma ka cika fushi. Wannan bai wanke shi ba, amma kana shirin yanke wa mutum hukunci mafi tsanani alhali ba a karanta masa laifinsa ba.

Kada ka tura sautin nan. Armiya'u zai ji kunya, na yarda, amma wanda zai fi jin ta dattijo ne da ya tsaya gaban jama'arsa ya ce ga ɗana na amince da shi, da matar da ta riƙe ka shekara uku. Su ba su yi maka komai ba. Kai ka fi kowa sanin cewa abin da ya shiga wayoyin mutane ba a iya kiransa ya dawo. Kuma daga ranar za a daina maganar abin da aka yi maka, a koma maganar malamin da ke ajiye sautin 'yan'uwansa yana jiran rana. Ka goge shi yau, don muddin yana wayarka zai yi ta kiranka. Akawun ɗinsa kuwa amana ce ya ba ka lokacin da kuke lafiya. Ka tura wa Imrana bayanan ya miƙa masa, ya canza lambar sirrinsa.

Akwai wasu mutum uku da ka manta da su, su Hamisu. Sun karɓe ka a kan ƙarya, sun ba ka bayansu ka tsare, ka tafi farautar gabanka. A wasan ƙarshe harshenka ne ya ci amanarka, ba da niyya ba. Wannan karon da gangan ka bar mutane. Ka gaya wa Hamisu ko kai wane ne, da dalilin da ba ka magana, ka ba shi haƙuri. Idan sun riƙe ka, ka tsaya inda aka ajiye ka. In kun haɗu da Armiya'u a fili ku cinye shi da kyau, da sunanka na gaskiya, ba ni da ta cewa. Wannan halas ɗinka ne.

Shi kuma ka rubuta masa. Alƙalaminka ba ya i'ina, na gani. Ka ba shi labarin allin nan da ajin nan kamar yadda ka ba ni, ba zagi, ba barazana. Ka ce ya cire bidiyon, ya kuma nemi afuwarka a guruf ɗin da ya tozarta ka, ba a ɓoye ba. Idan mako ya wuce bai yi ba, ka kira Goggo ka tura mata bidiyon da ya yi, shi kaɗai. Hakkinka ne ka kai ƙara, kuma ina jin ta san yadda za ta yi da ɗanta fiye da ni da kai.

Batun makaranta, ka sanar da shugabanku ya tsawatar. Sannan ka tsaya gaban ajin ka gaya musu da bakinka cewa muryarka ce, kana da i'ina, kuma da ita za ka kai su jarrabawa. Ko za ka yi minti biyar kafin ka gama faɗa, ka gama. Yara sukan bar abin da suka ga mai shi ya daina gudunsa.

Ba zan yi maka alkawarin Armiya'u zai rusuna ba. Wasu sukan ɗauki shekaru, wasu ba sa yi sam. Idan bai yi ba, ka gaishe shi a taron dangi saboda zumunci, ka nemi abokan wasa a wani wurin, ba ka yi laifi ba. Allah Ya sanyaya maka zuciya, Ya sassauta maka harshe, Ya haɗa ka da mutanen da za su jira ka ƙarasa maganarka.

Inna Rekiya