Alhajin Kano

Daga Babban Jami'in Haraji, zuwa ga Alhaji Mamman mai fata, Ƙofar Kibo, Zariya.

Gaisuwa mai yawa. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, gidan waya ba ya kai saƙo inda ka koma. Amma aikin gwamnati ba ya jira.

Bayan haka, mun yanka wa rumfarka harajin da ya fi ƙarfin magadanka. Babban ɗanka Sani ya rantse abin da ka bari bai kai rabin cinikin da muka ƙiyasta ba. Muka ce idan sadaka ce ta cinye, a kawo waɗanda suka karɓa su ba da shaida, sai mu rage. In ba haka ba, ranar Litinin kwaɗo zai hau ƙofar rumfa.

Mun ji ƙaramin ɗanka Ado, shaƙiyyin nan, shi kaɗai ya san gidajen. Kai kake tura shi da dawa da 'yan nairori, ya yi sallama a zaure ya ce saƙo ne daga wani Alhaji a Kano, don kada mai gidan ya sunkuyar da kai in kun haɗu a masallaci. Ka ga ƙarya ba ta ba shi wuya, sai ka sa ta aikin Allah.

Yanzu Sani ya ce ko Ado ya faɗi sunaye, ko a san shi ya ci. To wa zai gaskata wanda ya taɓa tayar da unguwa da shelar ganin wata alhali ba a gani ba? Ko Inna ta daina haɗa ido da shi.

Baba, na gaji da hular aron nan. Yaya zan yi? Gida na farko da zan ambata na Yaya Sani ne. Ka tuna shekarar fari, da kuka ɓata ya yi rantsuwa ba zai ƙara cin kwabonka ba? Wa ya ciyar da iyalinsa har kaka? Har yau yana yi wa Alhajin Kano addu'a, yana cewa bare ya fi uba tausayi. In faɗa masa a gaban ma'aikata? In jero malamai da zawarawa su ɗaga hannu su ce sun ci?

Ban taɓa gaya maka ba: duk garin nan kai kaɗai ka taɓa ba ni amana.

Ranar Litinin magana ɗaya zan yi. Zan ce Alhajin Kano ya rasu, ranar da muka kai ka. In Yaya ya gane, to. In bai gane ba, a kira ni ɓarawo.

Allah ya haskaka makwancinka. Ai na san tun daga sama ka gano ni. Wane jami'i ne ke rubutu da ajami?

Ni ne ɗan aiken Alhajin Kano,
Adonka.