Tawa Ce Ko Ba Tawa Ba

Litinin, 6 ga Oktoba, 2025

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina tambaya ɗaya, ba wanda ya amsa min. Fadamar mahaifinmu da ke bayan Gafasa, jingina muka ba da ita ko sayarwa muka yi? Ni dai jingina kunnena ya ji. Tukur, wana, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙe takardar ranar, tunda shi ne ɗan bokon gidanmu. Ya dube ta sama da ƙasa, ya ce, "Dangwala, Ɗanladi, jingina ce." Na dangwala. Da na tara kuɗin na kai wa Alhaji Bubayero don in karɓi gonarmu, sai ya zaro takarda, ga babban yatsana a jiki. Saye. Alƙali ma haka ya ce. Na tambayi Tukur a gaban jama'a, ya sunkuyar da kai. Bayan wata biyu ya kwashe iyalinsa ya koma Toranke.

Tun ranar na rantse abu biyu. Yatsana ba zai ƙara taɓa takardar kowa ba, ƙafata kuma ba za ta taka inda Tukur yake ba sai ya amsa min. Na shiga ajin yaƙi da jahilci da girmana don kada wani ya sake karanta min. Na iya, ga shi ina rubutawa. Sai na tarar duk takardar da ke cin mutum da Turanci ake rubuta ta.

Abin da ya taso da zancen: yau Adawiyya, 'yarsa, ta kira ni daga asibiti a Kano. Mutumin Toranke na kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. Sau uku ya kira ni watan jiya, ban ɗauka ba. Wai da ya gaji sai ya yi magana a cikin wayarta, doguwa, ya sa ta yi alkawarin ba za ta saurara ba, ni kaɗai za ta tura wa. Ta ce, "Baffa, 'yar wayarka mai tocila ba ta karɓar saƙon murya, sai babba." Ta ce ko ta tura wa wani maƙwabci. Na ce a'a. Maganar da na jira shekara talatin da ɗaya ba za ta kwana a aljihun wani ba, gobe in ji ta a bakin mai shayi.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na je Gaya. Akwai wani Kamilu mai shagon waya kusa da tasha, an ce yana ba da babbar waya a riƙa biya kaɗan-kaɗan. Mutum ne mai fara'a, ya ba ni kujera da ruwa. Za ka ba da kafin alƙalami, ka tafi da waya, duk sati ka sa wani abu har shekara.

Na ce, wayar tawa ce? Ya ce, "Taka ce, Baba." Na ce, to in na matsu in sayar? Ya ce a'a, ba ta sayuwa. Na ce, in sati ya zo ban samu ba fa? Ya ce sai a kulle ta daga can. Daga ina? Daga ofis. Tana aljihuna? "Tana aljihunka." In ta faɗi ta fashe? "Kai za ka gyara mana, ai taka ce."

Na ce, to haya ce ke nan. A'a. Aro? A'a. Jingina? Ya yi dariya har da buga teburi, ya ce, "Baba, tsari ne."

Tsari. Na san saye, na san haya, na san aro, jingina kuwa na san ta fiye da kowa a ƙasar Ajingi. Wannan na biyar ɗin ban san gidansu ba. Na taso kaina ya fi na zuwa nauyi.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Bayan masallaci na biya rumfar Gwadabe a Ajingi. Tare aka yi mana kaciya, a da rediyo yake gyarawa, yanzu ya koma waya. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya ce, "Kai da ko sallama ba ka amsawa, wa zai kira ka?" Na ce ya ji da haƙoransa uku.

Ya fito da wata ta hannu, gefenta a tsage. Ya ce, "Ka biya, ka tafi, ba ni ba kai. Ba takarda, ba ofis, ba mai kulle maka." Nan zuciyata ta kwanta. Na ce, in ta mutu gobe fa? Ya ce, "Sai ka yi mata sutura, in zo gaisuwa." Na ce, a ina ka samo ta? Ya ce in daina tambayar da ba ta da amfani.

Kuɗinta buhun gero biyu ne a farashin yau. Gero kuwa ya faɗi warwas, kaka ce, kowa na fitarwa.

To wannan tawa ce, amma ba wanda ya tsaya mata. Waccan an tsaya mata, amma ba tawa ba ce. Ko tawa ce? Ya ce tawa ce.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na gaya wa matata Hansai. Tana tsince wake, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, kuɗin motar Kano zuwa da dawowa bai kai kwano goma ba. Je ka ji da kunnenka." Na ce na rantse. Ta ce mutanen da suka fi ni ma sun rantse sun yi kaffara, azumi uku ne. Na ce ba ta san zancen ba. Ta ce, "Ni? Ni da nake cinsa da tuwo tun ina da ƙarfina?"

Matar nan bakinta ya ƙaru da shekaru.

Lahadi, 12 ga Oktoba

In abu yana aljihunka amma makullinsa na hannun wani, na wane ne?

Talata, 14 ga Oktoba

Ina ɗaurin akuya da safe sai na ce na gane. Tsarin nan kiwo ne! Kamar akuyar da ake ba ka, tana gidanka, kai ke ba ta dusa, amma ta mai ita ce. Na yi murna har na kama hanyar Gaya. A mota kuma lissafin ya rushe. Akuyar kiwo haihuwa take, a raba 'ya'ya. Waya me za ta haifa? Kuma mai akuya ba ya ɗaure mata baki daga garinsu.

Duk da haka na ƙarasa. Na ce wa Kamilu ya kawo takardar. Ya ce babu takarda, a cikin wayar take. Ya riƙa ja da yatsa, rubutu na gudu kamar jerin tururuwa, ba ya ƙarewa. Turanci. A ƙarshe akwai wani ɗan gida. Ya ce nan zan taɓa, ma'anarsa na yarda, sai a ɗauki hotona da na katin ɗan ƙasa.

Na ce, karanta min. Ya karanta layi biyu, ya tsaya, ya ce sauran duk zance ɗaya ne. Na ce, kai ka taɓa karanta ta duka? Ya sosa ƙeya. "Tsakani da Allah, Baba, ba wanda ke karantawa. Abin da suka gaya mana a taro shi muke faɗa."

Na tashi ban sha ruwansa ba. Yana ta Baba, Baba. Ban waiwaya ba har na shiga mota.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Na yanke. Ta Gwadabe zan saya. Tsagaggiya ce amma ba yatsana a jikinta.

Asabar, 18 ga Oktoba

Na fito zan hau rumbu in sauke damin gero, babu tsani. Na duba bayan ɗaki, na duba garke. Hansai na zaune tana suyar gyaɗa. Ta ce ta ba da aro. Wa? Ta manta.

Ta ce, "Geron nan na bakin mutum bakwai ne har damina. Ka sayar da buhu biyu yau, ka sayi ɗaya da kuɗin uku in bazara ta yi. Fadama ta tafi, rumbu ma ya bi ta?" Na yi faɗa sosai. Ita dai juya gyaɗarta take.

Abin haushin, lissafinta daidai ne. Ban gaya mata ba.

Na Kamilu in an haɗa shekara ya fi tsada nesa. Na Gwadabe ya fi ciwo yau. Ɗaya na cin ka a tsaye, ɗaya a zaune. Na rubuta su a ƙasa da tsinke, na share, na sake rubutawa. Kaza ta bi ta kai.

Litinin, 20 ga Oktoba

Adawiyya ta kira da hantsi. Tun jiya harshensa ya ɗauke. Hannun dama kawai ke motsi. Ta ce duk wanda ya shigo sai ya bi shi da ido, sannan ya dube ta. "Baffa, tambaya yake ko na tura."

Ina riƙe da wayar a kunne har katinta ya ƙare.

Ashe abin da ke cikin wayarta shi ne ya rage. Babu wata maganar bayan ita.

Talata, 21 ga Oktoba

Ba dangwale na yi ba. In rubuta shi nan don kada wani ya ce. Babu tawada, babu takarda. Gilashi na taɓa.

Hansai ce ta kwance bakin zaninta da asuba ta ajiye min kuɗin man gyaɗarta a kan buzu. Shi na ba da kafin alƙalami. Kamilu ya ɗauki hotona, na fito kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Ya ce in taɓa da manuniya. Hannuna da kansa ya miƙa babban yatsa. Shi ɗin dai.

Ya sa layina, ya sa abin da suke ce wa data, wai ita ma kuɗinta daban. Ban ƙara tambaya ba, na gaji. Ya kira Adawiyya ta turo. Abu ya yi ƙara. Wani ɗan layi ne, da hoton mutumin Toranke a gefe, ya tsufa, ban gane shi da farko ba. Kamilu ya nuna min inda zan danna in ji, da inda zan danne in yi magana. Na ce kada ya taɓa.

Tana aljihuna. Ban buɗe ba. Tsanin kuma ya dawo, yana jingine a rumbu.

Laraba, 22 ga Oktoba

Na shiga tsakiyar dawa inda ba mai gani, na zauna a kan kunya, na danna.

Muryar Baba mahaifinmu ce sak. Na ɗauka ma shi ne.

Ya daɗe yana gaisuwa, har kaji ya tambaya. Sannan ya ce, "Ɗanladi, takardar nan ban karanta ta ba. Ban iya ba." Aji huɗu ya yi aka kore shi, ya ɓoye wa Baba saboda bijimin da aka sayar don karatunsa. Wasiƙun Hausa da yake karanta wa mutanen gari, waɗannan ya iya. Turanci kuwa ko layi ɗaya. Ya ce, "Na riƙe ta ina motsa baki. Malamin Alhaji ya ce min jingina ce, na faɗa maka jingina ce. Ko sisi ban ci ba. Da asiri ya tonu, na ga gara ka ce min macuci da gari ya ce min jahili. Na zaɓa, kuma ban zaɓi daidai ba." Ya yi tari. Ya ce in yafe masa in zan iya.

Na saurara sau biyar. Wayar ta ce caji ya yi ƙasa.

Ban san abin da zan yi da wannan ba. Alhaji Bubayero ya mutu, malaminsa ya mutu, alƙalin ya mutu. Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da mutum ɗaya, yanzu an ce ba shi ba ne, ko shi ne amma ba yadda na riƙe shi ba. Ya motsa baki a kan takarda. Jiya Kamilu ya motsa baki a kan gilashi, ni kuma na miƙa yatsa, da furfurata, da sanina.

Hansai ta ga idona, ta ce me ya faru. Na ce ƙaiƙayin dawa ne.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Na danne wurin maganar da yatsan nan, na yi ta faɗa. Ban san na iya tsawon magana haka ba. Na sake shi, abin ya tafi. Adawiyya ta kira ta ce ta kara masa a kunne, ya riƙe hannunta ya ƙi saki. Ta ce, "Baffa, ka ce masa Yaya." Ban tuna na ce ba. Wataƙila wayar ce.

Na ce wa Hansai ta wanke min farar rigata. Akwai motar da ke tashi daga Gaya da sassafe. Farashin dawa nake so in jiyo a Kano, ba wani abu ba. Ta ce to, kuma gobe za ta dafa min sahur na azumin kaffara.

Amma ba mu gama ba, Tukur. Ka faɗi taka ka kwanta, ni fa? Sau nawa na wuce ka a makabarta da wurin suna, ba ka ja ni gefe ba? Ni ne gari? Ni da muka kwana tabarma ɗaya, ni za ka ji wa kunyar jahilci, ni da ban san ko baƙi ɗaya ba? Ka bar ni da fushin nan shekara talatin da ɗaya, ina ci da shi ina sha da shi, yanzu ban san nawa ne ko aro ka ba ni ba.

An ce hannunka na dama na motsi. Ya isa. Zan tambaya, ka matse sau ɗaya in i ne, sau biyu in a'a. Kada ka kuskura ka tafi kafin in iso. Ka jira ni ka amsa min, Yaya.