Ragon Yaya Chollom

Beltsville, Maryland

Yaya Chollom,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ya iyali? Tunda ka daina ɗaga wayata, ga takarda, na san kana son karatu a gaban jama'a.

Ƙanenmu Bot yana kan injin wankin ƙoda, kullum ƙara ramewa yake. Ni mai ciwon suga ce, likita ya ce tawa ba za ta yi ba. Kai aka auna, jininku ya zo ɗaya. Ranar gwajin ƙarshe muka zauna muna kallon ƙofa har aka tashi, ba ka zo ba.

Sai ga ka ranar Lahadi a sujadar godiya ta kaka, cikin babbar riga, kana jan rago daga gonar wani Bature har gaban bagade. Ka yi wa'azi a kan Ibrahim da Ishaku, kana dukan ƙirji wai da Ubangiji zai nemi ɗanka Clinton, ba za ka hana ba. 'Yan zumuntar mata har da guɗa. Ni kunya ta ishe ni, na fita na zauna a mota. Ba wanda ya nemi ɗanka, Yaya. Ƙoda ɗaya ake nema, kana da biyu.

Ƙanwarka,
Martha

Upper Marlboro, Maryland

Zuwa ga 'yar'uwata Martha,

Alheri da salama su tabbata gare ki. Na karanta takardarki, na kuma yafe miki, domin aikin nas ya sa kin fi gaskata allura a kan addu'a.

Ki fahimci Nassi. Ciwon nan gwajin bangaskiyar Bot ne, kuma ba daidai ba ne mutum ya shiga tsakanin Allah da bawan da yake gwadawa. Na yi azumi a kan maganar, ban sami salama a zuciyata ba. Ikilisiya ma tana bukatar dattijonta da lafiya. Ibrahim bai yi gaggawa ba, kuma Ubangiji ya tanada rago a kan lokaci. Ragon da na kai, da sunan Bot na miƙa shi. Ku jira tanadin Allah.

Naki cikin Ubangiji,
Dattijo Chollom

Yaya Dattijo,

Barka da azumi, ko da yake na ga faranti biyu na naman ragon a gabanka ranar.

Albishirinka. Ubangiji ya tanada. Wani saurayi ya ji wa'azinka, ya ɗauke shi da gaske, ya je asibiti da ƙafarsa aka auna shi. Komai ya yi daidai. Ya ce in Ishaku ya ɗauki itacen da kansa, shi ma zai iya. Sunansa Clinton, ka san shi, kai ka haife shi. Za a yi aikin ranar Alhamis ta sama. Ya roƙe ni in yi shiru, na ce ai babanka ya riga ya bayar da kai a gaban ikilisiya duka.

Ka gaida Maman Clinton.

Martha

Martha,

Don girman Allah ki hana shi. Na kira, ba ya ɗagawa, na je gidansa a Greenbelt, ya ƙi buɗe mini ƙofa. Yaron nan bai yi aure ba, shi kaɗai gare ni. Wa'azi ne kawai, Martha, kowa ya san yadda ake wa'azi. Ki gaya wa likita a ɗauki tawa, yau ma zan zo. Uwarsa ba ta ci abinci ba tun jiya.

Chollom

Yaya,

Ina kwana. Na gaya wa likita. Ya duba takardunka, ya ce gwajin da ka guje wa yana ɗaukar makonni, jikin Bot kuwa ba zai jira ba. Ihu bayan hari ke nan.

Clinton ba yaro ba ne, ya sa hannu da kansa. Gobe da safe za a shiga da shi da Bot ɗakin tiyata, kuma ban ji an ce wani mala'ika zai kira daga sama ba. Clinton yana jin tsoro, bai faɗa ba amma na gani.

Ibrahim dai, duk abin da za a ce, shi ya raka ɗansa har kan dutsen. In za ka iya wannan, muna asibiti, hawa na huɗu. Kada ka sa babbar riga.

Martha